Ba Duk Mai Baƙar Riga Ne Mopol Ba: Darasi Kan Rundunonin 'Yan Sanda Na Musamman

 Ni ɗan Dagumawa ne a ƙaramar hukumar Wudil, kuma kusan duk yammacin Lahadi nakan hau mota in dawo Kano saboda laccar safiyar Litinin. Wata rana mun haye gadar Wudil ke nan sai muka iske shingen bincike, jami'ai ɗauke da manyan bindigogi. Muna wucewa musu ya kaure a motar. Wani dattijo ya ce sojoji ne, wani matashi ya rantse 'yan SARS ne, wata baiwar Allah ta ce ai Mopol ne. Har muka iso Mariri ana tafkawa. Ni da nake taƙama ɗan poly ne, wanda ya tashi kusa da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, wallahi ban iya raba gardamar ba. Na ji kunya.

A makon ne kuma malaminmu na darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ya ba mu jinga a kan hukumomin tsaro. Sai na ɗauki littafina na nufi wajen kawuna, tsohon ɗan Mopol da ya yi ritaya, wanda ya taɓa zuwa Laberiya aikin wanzar da zaman lafiya. Abin da na ji daga bakinsa da wanda na karanta su na haɗa na kawo muku. Kada wani ya ce wannan karatun masu son shiga ɗan sanda ne kawai. Ranar 30 ga Yulin 2014, wata 'yar ƙunar baƙin wake ta tayar da bam a harabar hukumar gudanarwa ta Kano Poly da ke titin BUK, daidai lokacin da ɗalibai suka yi cincirindo suna duba sunayensu a jerin masu tafiya bautar ƙasa. An rasa rayuka, wasu sun jikkata. Allah Ya jiƙansu. Ka ga ke nan maganar tsaro ta shafe mu har ƙofar aji.

Mece ce runduna ta musamman?

Ɗan sandan da ka sani a caji ofis aikinsa na yau da kullum ne: karɓar ƙorafi, binciken sata, ba da hannu a titi, sintiri a unguwa. To amma akwai abin da kan fi ƙarfinsa, kamar tarzomar dubban mutane, ko 'yan bindiga su yi garkuwa da jama'a a cikin gini, ko a ga jaka a tasha ana zargin bam ne. Irin wannan na buƙatar mutanen da aka zaɓo, aka ba su horo na daban da kayan aiki na daban, kuma suke aiki a matsayin ƙungiya guda, ba ɗaiɗaiku ba. Su ake kira runduna ta musamman.

Sai wani ya ce, to me ya sa ba za a kira soja kawai ba? Na yi wa Kawu wannan tambayar. Ya ce, "Ɗan nan, soja an koya masa ya ga bayan abokin gaba. Ni an koya mini in kama mai laifi in kai shi gaban alƙali. Ko ɗan ta'adda ne, in zan iya kama shi da rai, hakan ya fi, don bakinsa zai kai mu ga sauran." Tsarin mulkin 1999 ma haka ya tsara. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, sashe na 217 kuma ya ce sojoji suna shigowa ne don taimaka wa hukumomin farar hula idan shugaban ƙasa ya kira su. Wato runduna ta musamman tana tsaye ne tsakanin ɗan sandan caji ofis da soja.

Daga ina abin ya faro a duniya?

A gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munik na Jamus, 'yan bindiga takwas sun yi garkuwa da 'yan wasan Isra'ila. Dokar Jamus ba ta yarda sojoji su yi irin wannan aiki a cikin gida ba, su kuma 'yan sandan da aka tura ba su da horon ceto. Aka ƙare da mutuwar 'yan wasa da masu horarwa 11. Makonni kaɗan bayan nan Jamus ta kafa rundunar GSG 9. A watan Oktoban 1977 wannan runduna ta kutsa cikin jirgin Lufthansa da aka karkatar zuwa Mogadishu, ta fito da fasinjoji 86 da ransu. Faransa ta kafa tata, GIGN, wadda ta fara aiki a 1974, kuma ita ce ta ceto fasinjojin jirgin Air France a Marsey a Disambar 1994. A Amurka kuwa, 'yan sandan Los Anjalas ne suka shahara da rundunar SWAT tun ƙarshen shekarun 1960.

Ga misalin da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗalibi. Ranar 2 ga Afrilun 2015, 'yan Al-Shabab sun afka wa jami'ar Garissa a Kenya da asuba, mutum 148 suka mutu, akasarinsu ɗalibai. Kenya tana da ƙwararrun 'yan sanda da ake kira Recce, amma suna Nairobi, kuma ba a samar musu jirgin da zai ɗauke su da wuri ba. Sai da rana ta yi nisa suka iso, da isowarsu kuma ba su ɗauki lokaci ba suka gama da maharan. Darasin a nan shi ne, ƙwarewa ba ta da amfani in babu abin hawa da tsarin kai ɗauki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tushen abin a gida

Wani abin da ya ba ni mamaki, tarihin 'yan sandan Najeriya yana da alaƙa da sunan Hausawa. Turawa sun kafa 'yar ƙaramar runduna ta mutum 30 a Legas a 1861, wadda daga baya aka riƙa kira da sunan dakarun Hausa, aka kuma faɗaɗa ta a 1879. A nan Arewa muna da dogaran sarki tun kafin zuwan Turawa, sannan aka yi 'yan doka a ƙarƙashin En'e. A 1930 aka haɗe 'yan sandan gwamnati na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya, su kuma 'yan doka aka narkar da su cikinta a zamanin Janar Yakubu Gowon. Yanzu bari mu bi rundunonin ɗaya bayan ɗaya.

Mopol, 'yan kwantar da tarzoma. Ita ce uwa a cikinsu. An kafa ta a farkon shekarun 1960, zamanin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, don a samu 'yan sandan da za a iya ɗauka daga wannan gari a kai wancan cikin gaggawa idan rikici ya ɓarke. Ana gane su da baƙar riga da koriyar hula. An karkasa su bataliya-bataliya, kowace da lambarta. A Kano muna da Mopol 9 a Hotoro da Mopol 52 a Challawa. Wuraren horonsu suna Gwoza a jihar Borno, da Ila-Orangun a jihar Osun, da tsaunin Ende a jihar Nasarawa. Kayan aikinsu na asali su ne garkuwa, kulki, hular kwano da barkonon tsohuwa. Harsashi mai rai shi ne na ƙarshe, a ƙa'ida dai. Da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari sai suka koma fagen daga tare da sojoji, har a watan Agustan 2014 mayaƙan suka mamaye makarantar horonsu ta Gwoza.

CTU, sashen yaƙi da ta'addanci. Masu jar hula ke nan. Tushensu yana komawa ga zamanin Sufeto Janar Mike Okiro, wanda ya riƙe rundunar daga 2007 zuwa 2009, kuma ana horar da su a Nonwa-Tai cikin jihar Ribas. Aikinsu kai samame maɓoyar 'yan ta'adda, gadin muhimman wurare, da ceto waɗanda aka yi garkuwa da su.

EOD, masu kwance bam. Waɗannan su ne 'yan uwanmu na kusa, mu 'yan injiniya, domin aikinsu duk ilimin lantarki ne da sinadarai. Su ake kira idan an ga abin da ba a yarda da shi ba. Aiki ne da kuskure ɗaya ya isa. A Fabrairun 2012, Saje Sunday Badang ya rasa ransa a Unguwar Sarki ta Kaduna lokacin da yake duba wata leda mai ɗauke da bam, mutane suna tsaye suna kallo.

SPU, masu gadin manya. Su ne masu shuɗiyar hula da kuke gani a bayan motocin 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa. An kafa su ne don a sauke wa Mopol wannan nauyi.

IRT, sashen bin sawun masu garkuwa da mutane. Waɗannan ba su cika sa kaki ba. Ƙarfinsu yana ga bayanan sirri da bin diddigin layukan waya. Su ne suka kama ƙasurgumin mai garkuwa da mutanen nan Evans a Legas a watan Yunin 2017.

SARS da SWAT. An kafa SARS a Legas a 1992 don yaƙi da fashi da makami. Bayan shekaru ana kuka da ita kan azabtarwa da kisa ba shari'a da tatsar kuɗi, matasa suka fito zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa ta ranar 11 ga Oktoban 2020, kwana biyu bayan haka ya sanar da kafa SWAT. Don haka matashin nan na cikin motarmu ya yi kuskure, a hukumance babu SARS yau.

Ina makarantar Wudil ta shigo?

Mutane da yawa a garinmu sun ɗauka a makarantar 'yan sanda ta Wudil ake horar da Mopol. Ba haka ba ne, hafsoshi take yayewa. An fara ta a 1988 a matsugunan wucin gadi biyu, Challawa da Kaduna, ta tare a mazauninta na dindindin a Wudil a 1996. A 2012 aka ɗaga darajarta ta koma mai ba da digiri, rukunin farko suka shiga a 2013. Ana shiga ta hanyar JAMB da jarrabawar makarantar da gwajin lafiya, a yi shekara biyar, a fito da digiri da muƙamin ASP. Daga cikin irin waɗannan hafsoshi ake samun masu jagorantar rundunonin da na lissafa. Ba a shiga Mopol ko CTU kai tsaye daga gida, sai ka zama ɗan sanda tukuna sannan a zaɓe ka a tura ka kwas.

Yaƙi da ta'addanci: abin da Kano ta gani

Mu mutanen Wudil ba labari aka ba mu ba. A ƙarshen Yulin 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya tashi a Bauchi da Maiduguri da Potiskum, an kai hari ofishin 'yan sanda na Wudil ma. Ina ƙarami a lokacin, abin da nake iya tunawa kawai shi ne an hana mu fita, manya suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar 16 ga Yunin 2011 aka tayar da bam a hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja. Sai kuma Juma'ar 20 ga Janairun 2012, wadda Kanawa ba za su manta ba. A yammaci guda aka afka wa hedikwatar shiyya ta ɗaya a titin BUK, da yankin Bompai, da wasu caji ofis, da ofishin fasfo, da na jami'an tsaron farin kaya. Aƙalla mutum 185 suka rasu. A 2014 abin ya juyo kan makarantu: makarantar koyon tsafta a watan Yuni, Kano Poly a Yuli, FCE a Satumba, sannan babban masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamba.

Daga wannan tarihi na fitar da abubuwa huɗu.

Na farko, bayanan sirri sun fi bindiga. Samamen da kake gani na minti goma ne, amma a bayansa akwai watanni na sa ido. Bayanan kuma daga wajen jama'a suke fitowa: mai gidan haya, mai unguwa, ɗan acaɓa, mai shayi. Mutumin da aka mara jiya a shingen bincike ba zai kawo labari gobe ba.

Na biyu, haɗin kai tsakanin hukumomi. A watan Agustan 2019, jami'an IRT sun kamo wani da ake zargi da garkuwa da mutane, Hamisu Wadume, a jihar Taraba. A kan hanyar Ibi zuwa Wukari sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu, wanda aka kama ya tsere. Sai bayan kusan mako biyu aka sake cafke shi a nan Hotoro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, bin doka ba rauni ba ne. Ranar 30 ga Yulin 2009 sojoji sun miƙa shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf ga 'yan sanda da ransa a Maiduguri, aka kashe shi a hannunsu ba tare da an kai shi kotu ba. Wannan kisa bai kashe wutar ba. Waɗanda suka gaje shi sun mayar da shi hujjar ɗaukar fansa da jan hankalin matasa, ƙasa kuma ta rasa duk abin da za a iya ji daga bakinsa a gaban alƙali. Yau muna da dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, aka sake sabuwa a 2022. Manufarta a kama, a bincika, a gurfanar.

Na huɗu, ina ake kai jami'an? A 2018 Mike Okiro, yana shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya ce sama da jami'ai 150,000 suna gadin manyan mutane ne. Ka duba fa, ƙauye guda ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, amma mutum ɗaya yana yawo da mota cike da su. A Nuwambar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a janye 'yan sanda daga gadin manya. Aikinmu ne mu sa ido mu ga ko umarnin zai ɗore.

Aikin wanzar da zaman lafiya a ƙetare

Nan ne fuskar Kawu ta washe. Tun a 1960, shekarar samun 'yancin kai, Najeriya ta tura 'yan sanda Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa jagorancin Louis Edet, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Sufeto Janar. Bayan nan sun je Namibiya a 1989 lokacin shirin samun 'yancinta, sun je Laberiya, Haiti, Darfur, Gini Bisau da Mali.

Ana tura ɗan sanda ta hanya biyu. Akwai wanda ke tafiya shi kaɗai a matsayin mai ba da shawara da horar da 'yan sandan ƙasar da aka je. Akwai kuma tawaga guda da ake kira FPU, mai mutum kusan 140, da kwamandanta da makamanta da motocinta masu sulke da likitanta da masu dafa mata abinci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara amfani da irin wannan tawaga a Kosobo da Timo ta Gabas daga 1999. Ayyukanta uku ne: kwantar da tarzoma, kare ma'aikata da kayan Majalisar, da mara wa sauran 'yan sanda baya a aikin da ke da haɗari. Najeriya ta tura irin wannan tawaga Laberiya a 2004, kuma 'yan sandanmu suna can har dab da rufe aikin a watan Maris na 2018. A 2012 ta tura wata Mogadishu ƙarƙashin rundunar Tarayyar Afirka ta AMISOM. A Mali kuwa sun zauna a Timbuktu, kafin a rufe aikin MINUSMA a ƙarshen 2023. 'Yan uwa mata, ku ma da ku ake yi: a 2007 Indiya ta tura Laberiya tawagar da mata ne zalla, kuma 'yan sanda mata na Najeriya suna cikin masu zuwa irin wannan aiki.

Aikin yana tsaye kan ƙa'idoji uku. Sai da amincewar ɓangarorin da ke rikici, ba a nuna son kai, kuma ba a amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka ɗora wa tawagar.

Sai na yi masa tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, me ya sa ake yaba muku a waje, a gida kuma ake ce muku kashe-ka-wuce?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, mutanen dai su ne. Amma a can kafin ka tafi sai an gwada harbinka da tuƙinka da Turancinka. Alawus na zuwa kan lokaci, abinci akwai, mota akwai mai. Harsashi ɗaya ka harba sai ka rubuta dalili. Ka ci zarafin wani, a sa ka a jirgi a dawo da kai, ka ja wa ƙasarka abin kunya. To ka gaya mini, in aka yi haka a gida, wa zai yi wasa?" Amsarsa ta tsaya mini a rai. Horo, kulawa da hukunci, su uku ne ke gyara jami'i. In aka cire ɗaya, sauran biyun ba sa riƙe tukunya.

Tabon da ba za mu ɓoye ba

Darasi ba ya cika in an faɗi daɗi an bar ɗaci. A Afrilun 1980, an tura 'yan kwantar da tarzoma kan manoman da suka tare hanya a madatsar ruwa ta Bakolori, suna neman diyyar gonakinsu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu, masu bincike suka ce sun haura 300. A Disambar shekarar, rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki ya fi ƙarfin 'yan sanda har sai da aka kira sojoji, sama da mutum 4,000 suka halaka. Ranar 23 ga Mayun 1986 aka shigar da Mopol jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka yi harbi, hukuma ta amsa cewa mutum 4 sun mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Kowane ɗan ƙungiyar ɗalibai ya kamata ya san wannan rana. Sai kuma daren 20 ga Oktoban 2020 a Lekki, wanda har yau ake taƙaddama a kansa.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun ce ba a harbin mutum sai in rai na cikin haɗari kuma babu wata mafita. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya bi wannan layi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da gana wa wanda ake tsare da shi azaba laifi, ko da shugaba ne ya ba da umarni. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗa ya gudu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in tana da nisa. Amma ku lura, a shari'ar ta'addanci kotu na iya ba da izinin tsarewa mai tsawo.

Me ya rage gare mu?

In ka ga jaka ko leda da ba mai ita a aji ko masallaci ko wajen duba sakamako, kada ka taɓa, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Ka matsa nesa, ka janye mutane, ka sanar da masu gadi, a kira 112.

In, Allah Ya kiyaye, aka ji fashewa, kada a ruga kallo. Maharan kan ajiye bam na biyu don masu taruwa. In harbi ne, wanda ya ga hanya ya fice, wanda bai gani ba ya ɓuya, ya kashe ƙarar waya. Idan jami'ai suka shigo, ka ɗaga hannuwanka a buɗe, kada ka rugo gare su, domin a wannan lokaci ba su san waye waye ba.

A shingen bincike, katin makaranta ya kasance a aljihunka. Ka yi magana da ladabi, kada ka yi gardama da mai bindiga a bakin titi. In an zalunce ka, ka riƙe suna da lambar mota da wuri da lokaci, ka kai ƙara sashen karɓar ƙorafi na rundunar, ko hukumar kula da aikin 'yan sanda, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu su nemi hukumar makaranta ta riƙa gayyato masu kwance bam sau ɗaya a zango su wayar mana da kai, a kuma daina liƙa jerin sunaye a allo guda inda ɗaruruwa za su cunkushe, tunda ana iya turawa ta waya.

Ga masu sha'awar aikin kuma, kada ku raina kwas ɗinku. Mai karanta lantarki, kwamfuta, kimiyyar ɗakin gwaji ko ƙididdiga, duk ana buƙatarsa wajen bin sawun waya, sarrafa jirgi marar matuƙi da binciken shaida.

Ranar Lahadin da ta biyo baya na sake bi ta shingen nan. Na dubi hulunansu, koraye ne. Ashe baiwar Allahn nan ce ta yi daidai.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci biyu tsakanin aikin soja da na rundunar 'yan sanda ta musamman, tare da sassan tsarin mulkin da suka shafe su.
2. Wane darasi harin Garissa na 2015 ya koyar game da kai ɗauki?
3. Lissafa ayyuka uku na tawagar FPU da ƙa'idoji uku na aikin wanzar da zaman lafiya.
4. A ganinka, wanne cikin horo, kulawa da hukunci ya fi ƙaranci a gida, kuma me ya sa?

Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman 'ya'yan bariki da ke cikinmu, ya miƙa wa editan mujalla don fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Wassalam.